Shekara 14 Buffalo Sabres ta yi a waje, na daina ɗora wa 'yan wasa laifi

Ranar 17 ga Yunin 2025 na zauna na kalli Sam Reinhart ya zura ƙwallo 4 a ragar Edmonton, Florida Panthers ta ɗaga Kofin Stanley karo na biyu a jere. Biyu daga ciki ya ci su ne bayan Edmonton ta cire golanta, amma hakan bai rage masa komai ba. Na yi masa murna har zuci. Sai dai da aka fara zagaye fili da kofin, wani abu ya tokare min ƙirji, domin wannan yaron namu ne. Buffalo Sabres ce ta zaɓe shi a 2014, ya yi kaka shida cur sanye da rigarta, bai taɓa buga wasan neman kofi ko sau ɗaya ba. Yau ga shi da kofi biyu a hannu, kuma shi ne ma ya ci ƙwallon da ta ba Florida kofin 2024.

Na san da yawa daga masu karanta ni ƙwallon ƙafa suka sani, don haka bari in ɗan share fage. Hokin ƙanƙara ake magana, gasar NHL ta Amurka da Kanada. Ƙungiyoyi 32 ne, a kakar 2024-25 kowacce ta buga wasa 82, sannan 16 ke wucewa zagayen neman kofi. Ku lura da lissafin: rabi ne ke wucewa. Babu faɗawa rukuni na ƙasa komai lalacewarka. Akwai iyakar albashi da ba wanda ya isa ya tsallake, a kakar 2024-25 dala miliyan 88 ce, don haka mai kuɗi ba ya iya saye taurari duka ya tara. Sannan duk shekara ana zaɓen matasa, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne ke da damar fara ɗaukar na gaba-gaba. An gina gasar ne yadda wanda ya faɗi zai tashi da wuri. A cikin irin wannan tsari ne Buffalo ta yi kaka 14 a jere ba ta shiga cikin rabin nan ba. Zuwa 2025, rabonta da wasan neman kofi tun 26 ga Afrilun 2011, ranar da Philadelphia ta fitar da ita. A tarihin gasar ba a taɓa yin haka ba. Kafin ita, mafi tsawo shi ne kaka 10.

Ruwa ba ya tsami banza. Rashin sa'a yakan ɗauki shekara biyu, ko uku. Ba ya ɗaukar 14.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda aka fara da kyakkyawar niyya. A Fabrairun 2011 Terry Pegula, attajirin da ya yi arziki da haƙar iskar gas, ya sayi ƙungiyar. Masoyinta ne na gaske, har hawaye ya yi a taron manema labarai da ya hango Gilbert Perreault, gwarzonsa na ƙuruciya. A ranar ya faɗi cewa daga yau dalilin wanzuwar Sabres shi ne cin Kofin Stanley. Mutanen Buffalo sun yarda da shi, ni ma na yarda. Garin da ya ga an tafi da Chris Drury da Daniel Brière rana ɗaya a 2007, bayan ƙungiyar ta gama kaka a saman kowa, ya ji kamar ranar wanke baƙin ciki ta zo. Ban taɓa shakkar son da Pegula ke yi wa ƙungiyar ba, har gobe. Amma so daban, sanin yadda ake riƙe gida daban.

Bazarar farko aka buɗe jaka. Ville Leino ya samu kwantiragin shekara 6 a kan dala miliyan 27, Christian Ehrhoff shekara 10 a kan miliyan 40. Leino ya ci ƙwallo 10 kacal a kaka uku, a ta ƙarshe ma ya buga wasa 58 bai ci ko ɗaya ba. A 2014 aka biya su biyun aka sallame su. Wannan kuskure ne, amma irin wanda sabon mai gida kan yi, kuma ana warkewa daga shi. Wanda ba a warke ba shi ne na gaba.

A 2013 janar manaja Darcy Regier ya fito ya ce wa magoya baya sai an sha wahala kafin a ga daidai. Aka fara kwance ƙungiya da gangan. Jason Pominville ya tafi, Thomas Vanek ya tafi, gola Ryan Miller ya tafi. Manufar ita ce a ƙare a ƙarshen tebur don a samu matashin da ya fi kowa. An ƙare a ƙarshen kuwa, da maki 52 a kakar 2013-14, da 54 a ta bayanta. A kaka ta biyun, da aka ga gololi suna ƙoƙari suna hana a sha kashi, sai aka yi musayar Jhonas Enroth da Michal Neuvirth aka kai su wasu ƙungiyoyin. Kowa ya san abin da ake hari: Connor McDavid, matashin da ya fi kowa a zaɓen 2015. Har ta kai a watan Maris na 2015, Arizona ta ci Buffalo a gidanta a ƙarin lokaci, magoya bayan Buffalo suka tashi suna tafi. Ku tsaya ku auna wannan. Mutum ya zubar da gumi, ya tare ƙwallo da jikinsa, ya fita fili da ciwo, sai ya ji mutanen gidansa suna murnar an doke shi. Ba na zargin masu tafin, abin da shugabanni suka koya musu ke nan. Amma daga wannan dare, me za ka faɗa wa ɗan wasa game da darajar rigar da ke jikinsa?

Ƙuri'ar da ake jefawa don fitar da wanda zai fara zaɓe kuma ba ta faɗo musu ba. Edmonton ta ɗauki McDavid, Buffalo ta ɗauki Jack Eichel a matsayi na biyu, kamar yadda ta ɗauki Reinhart a na biyu shekarar da ta gabata. Eichel ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, kowace ƙungiya za ta yi maraba da shi. Matsalar ita ce gidan da aka kawo shi. An riga an kori manyan da za su nuna masa hanya, an saba da shan kashi har ya daina ciwo. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba.

Daga nan sai gaggawa ta biyo baya. Tim Murray, wanda ya gaji Regier, ya ga kamar an sha wahalar ta isa, ya kwashi matasa da damar zaɓe da aka tara ya musanya su da Evander Kane da Ryan O'Reilly da gola Robin Lehner, duk a 2015. Kaka biyu ba a wuce ba, sai aka kore shi tare da koci Dan Bylsma a Afrilun 2017. Jason Botterill ya zo da nasa tsarin, shi ma shekara uku aka ba shi. Ku ƙirga masu horarwa tun daga korar Lindy Ruff a Fabrairun 2013: Ron Rolston, Ted Nolan, Bylsma, Phil Housley, Ralph Krueger, Don Granato. Shida ke nan, sannan a 2024 aka koma aka ɗauko Ruff ɗin da aka fara kora. Kowane koci da salonsa, kowane manaja da irin 'yan wasan da yake so. Wanda aka saya don ya dace da tsarin wancan sai ya zama kaya a hannun wannan.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Jeff Skinner. Ya ci ƙwallo 40 a kakar 2018-19, aka ba shi shekara 8 a kan dala miliyan 72. A daidai lokacin aka ɗauko Krueger, wanda masu kallon ƙwallon Ingila za su tuna da shi a matsayin shugaban Southampton, ya yi shekaru ba ya horar da ƙungiya a NHL. Krueger bai yarda da salon Skinner ba, ya raba shi da Eichel, ya mayar da shi cikin waɗanda ba a ba lokacin wasa sosai, wani lokacin ma ya ajiye shi gaba ɗaya. Ƙwallaye suka sauko daga 40 zuwa 14, daga 14 zuwa 7. Ofis ɗaya ne ya biya mutum miliyan 9 a shekara, ya kuma ɗauko kocin da ba ya son amfani da shi. Wa za a tambaya? A 2024 aka biya Skinner aka sallame shi, ya je Edmonton, a can ya ɗanɗani wasan neman kofi karon farko bayan ya haura wasa 1,000.

A ganina nan ne asalin ciwon yake: babu babba a ofis. Tun da Pat LaFontaine ya ajiye muƙamin shugaban harkokin wasa a Maris ɗin 2014, bayan 'yan watanni kacal a kai, har zuwa 2025 ba a sake naɗa wani gogagge tsakanin mai ƙungiya da janar manaja ba. Murray bai taɓa riƙe muƙamin janar manaja a NHL ba kafin Buffalo. Botterill haka. Kevyn Adams haka. Mutum uku a jere suna koyon aiki a kan ƙungiyar da ke neman wanda ya riga ya iya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ba aibu ba ne a ce sabon manaja yana buƙatar wanda zai ce masa tsaya tukuna.

Yadda Adams ya hau ma abin dubawa ne. A Yunin 2020, 'yan makonni bayan iyalan Pegula sun bayyana a fili cewa Botterill zai ci gaba, sai aka kore shi, aka haɗa da mutum sama da 20, yawancinsu masu zaƙulo matasa da masu renonsu. Ba a yi neman magaji a waje ba, aka ɗauko Adams daga ɓangaren kasuwancin ƙungiyar. Tsohon ɗan wasa ne, ya ci kofi da Carolina a 2006, ɗan yankin ne, kuma duk wanda ya saurare shi ya san yana ƙaunar wurin. Amma ƙungiyar da duk begenta ya rataya a kan matasa, ita ce ta rage idanun da ke nemo mata matasan, da sunan tsimi. Kakar da ta biyo baya an yi wasa 18 a jere ba nasara. Taylor Hall, da aka ba dala miliyan 8 na shekara ɗaya, ya ci ƙwallo 2 a wasa 37 kafin a miƙa shi Boston.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na daina zargin 'yan wasa, don na daɗe ina cikin masu cewa wane ba shi da zuciya, wane ba ya ƙoƙari. A Afrilun 2018 O'Reilly ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi gaskiya, ya ce ƙungiyar ta saba da shan kashi har ta daina damuwa, shi kansa akwai lokutan da ya ji son wasan ya fita ransa. Mutumin da ya faɗi haka kamata ya yi a zaunar da shi a tambaye shi me ya gani. Sai aka sayar da shi ga St. Louis ranar 1 ga Yuli. Shekara bai cika ba ya ɗaga Kofin Stanley, aka kuma ba shi kyautar gwarzon zagayen neman kofi. Gaskiya ne a cikin musayar Buffalo ta samu Tage Thompson, wanda daga baya ya zama babban mai ci mata ƙwallo, ba zan ɓoye wannan ba. Amma ɗaya daga cikin waɗanda aka kawo, Patrik Berglund, ko rabin kaka bai yi ba ya bar ƙungiyar da miliyoyin da suka rage a kwantiraginsa ya koma gida.

Lehner ya tafi a 2018, kaka ɗaya a New York Islanders ya shiga sahun gololi uku mafiya kyau a gasar. Linus Ullmark, wanda Buffalo ta rena da hannunta, an bar shi ya tafi Boston a 2021 ba a samu komai ba, a 2023 ya zama golan shekara. Brandon Montour an ba Florida shi a kan damar zaɓe ta zagaye na uku, ya ci kofi a 2024. Reinhart kuwa, duk shekarun da ya yi ba a taɓa ba shi dogon kwantiragi ba, sai na shekara biyu, sai na shekara ɗaya, kamar ana jiran ya sake tabbatar da kansa. Ya je Florida ya ci ƙwallo 57 a kaka guda.

Na Eichel ya fi kowanne ɗaci. A Maris ɗin 2021 ya ji rauni a wuya, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya zame. Shi yana son a yi masa aikin sauya faifan da na roba, likitocin ƙungiya suna son a haɗe ƙasusuwan, domin a lokacin ba a taɓa yi wa ɗan wasan NHL irin aikin da yake so ba. Ban ce likitocin ba su da hujja ba, kuma yarjejeniyar gasar ta ba ƙungiya ikon yanke hukunci. Amma wuyan mutum ne. Aka shafe wata takwas ana ja-in-ja a bainar jama'a, aka ƙwace masa kyaftin, yana zaune da ciwo ba magani ba wasa. A Nuwamba aka miƙa shi Vegas, suka bar shi ya yi aikin da yake so, bayan wata uku ya dawo fili. A 2023 ya ci kofi, kuma shi ya fi kowa maki a zagayen, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci. Duk wani ɗan wasa a gasar ya kalli yadda aka yi da shi, duk wani wakilin ɗan wasa ya ajiye abin a ransa.

Idan mutum ɗaya ya bar gidanka ya yi kyau, ka ce sa'arsa ce. Idan biyu ne, ka ce haka Allah ya so. Amma idan aka kai shida, bakwai, ya kamata ka leƙa ɗakin da suke kwana.

Akwai lokacin da na ɗauka an kusa. Kakar 2022-23, ƙarƙashin Granato, yaran sun yi wasa mai daɗin kallo, Thompson ya ci ƙwallo 47, suka gama da maki 91. Maki ɗaya ya raba su da Florida, wadda ta shige ta ƙofar ƙarshe har ta kai wasan ƙarshe na kofi. Kowa ya ga abin da ya rage: gola tsayayye da gogaggun 'yan baya. A wannan kakar Craig Anderson mai shekara 41 na cikin waɗanda ake dogara da su a raga. Bazara ta zo, ga kuɗi a ƙasan iyakar albashi, ga matasa da yawa da za a iya musanyawa. Aka zaɓi a jira. Aka ɗora ragar a wuyan Devon Levi, yaro ɗan shekara 21 da bai daɗe da barin jami'a ba, kafin tsakiyar kaka an mayar da shi ƙaramar ƙungiya ya ƙara koyo. Maki ya sauko 84. A kakar 2024-25 ya sauko 79.

Ginin ƙungiyar ma a kakar 2024-25 a karkace yake. Rasmus Dahlin, Owen Power, Bowen Byram, Mattias Samuelsson, duka 'yan baya ne masu riƙe sanda ta hagu, uku daga cikinsu ma aiki iri ɗaya suka fi iyawa, wato ɗauko ƙwallo su kai gaba. An ba Power da Samuelsson da Dylan Cozens kwantiragin shekara 7 kowannensu tun kafin su nuna za su iya ɗaukar nauyin, sannan ba a kawo manyan da za su tsaya kusa da su ba. Da Cozens ya kasa, aka musanya shi a Maris ɗin 2025 da Josh Norris na Ottawa, ɗan wasa mai kyau amma wanda kowa ya san rauni ya daɗe yana damunsa. Wasa 3 ya buga ya koma jinya. A Fabrairun 2025 kuma, da Stefan Noesen na New Jersey ya bugi Thompson a ka ya kwantar da shi, babu abokin wasansa ko ɗaya da ya taso ya tsaya masa. A hoki wannan babban abu ne. Ban ɗauke shi a matsayin tsoro ba. Yara ne da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da wanda zai nuna musu cewa ba a yin haka ba.

Sai maganar da ta sa na rubuta wannan dogon rubutu. A Disamban 2024, ana tsakiyar wasa 13 a jere ba nasara, ciki har da wanda suna gaban Colorado da 4-0 aka dawo aka doke su 5-4, aka tambayi Adams me ya sa manyan 'yan wasa ba sa son zuwa. Ya ce Buffalo ba ta da itatuwan bakin teku irin na garuruwa masu ɗumi, ga kuma harajin jihar New York. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, jihar Florida ba ta karɓar harajin albashi, kuma sanyin Buffalo ba wasa ba ne. Amma Winnipeg ta fi Buffalo sanyi, harajin Kanada ba sauƙi gare shi ba, ga shi Winnipeg Jets ta gama kakar 2024-25 a saman gasar duka da maki 116. Ba sai an je nesa ba ma. A gari ɗaya, a hannun mai gida ɗaya, ga Buffalo Bills ta ƙwallon Amurka. Ita ma ta yi shekara 17 ba ta wuce ba. A 2017 Pegula ya ɗauko koci Sean McDermott da janar manaja Brandon Beane, ya bar su suka yi aikinsu shekara takwas, ƙungiyar ta ci rukuninta sau biyar a jere. Dusar ƙanƙarar ɗaya ce, harajin ɗaya ne. Ɗan wasa ba garin yake gudu ba, shekarunsa yake tsoron ɓatawa, domin rayuwar wasa gajeriya ce. Kuma mutanen Buffalo, waɗanda suka cika fili a 2022 don sallamar Rick Jeanneret bayan shekara 51 yana kawo musu sharhin wasa, ba su cancanci a nuna garinsu a ce shi ne matsalar ba.

'Yan kwanaki bayan waccan maganar ta Adams, Pegula ya bi ƙungiyar har Montreal ya yi wa 'yan wasa magana, aka ruwaito ya ce musu maganin yana cikin ɗakin nan. Washegari aka ci su 6-1.

Abin da nake so ba mai yawa ba ne. A naɗa gogaggen shugaban harkokin wasa mai cikakken iko, wanda zai iya cewa a'a ko ga mai ƙungiya. A 2025 an kawo Jarmo Kekäläinen, wanda ya yi shekara 11 yana jan ragamar Columbus, amma da farko a matsayin mai ba da shawara, kuma mai shawara ba ya sa hannu a takarda. A mayar da ma'aikatan zaƙulo matasa yadda suke a ƙungiyoyin da ke cin kofi. A kashe kuɗin da doka ta yarda a kashe, a kan 'yan baya na dama da 'yan wasan tsakiya waɗanda suka san ɗanɗanon wasan watan Mayu, ko da za a rabu da wasu matasan da ake ta ɓoyo. Idan an zaɓi hanya kuma, a daure a kanta fiye da shekara biyu.

Dahlin nake tunani. An ɗauko shi daga Suwidin yana ɗan shekara 18, na farko a zaɓen 2018. A Yunin 2025 shekararsa 25, shi ne kyaftin, yana cikin 'yan baya mafiya iyawa a duniya, ya buga wasa sama da 500 a rigar Sabres, ko ɗaya babu na neman kofi. Ya sa hannu a kwantiragin shekara 8, wato ya ba su amanar mafi kyawun shekarunsa. O'Reilly ma ya sa hannu a na shekara 7, Eichel a na 8. Idan aka buɗe kaka zan sake zama in kalle shi ya fito kan ƙanƙara, ina roƙon Allah kada in wayi gari ina yi masa irin murnar da na yi wa Reinhart.